Daga Kotun Rum Zuwa Filin Wasa: Tarihin Sunayen da Turanci Ke Kiran Jarababbe da Su

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta jaridun Ingila ko na Amurka zai lura da wani abu mai ɗaure kai. A shafin farko za a ba da labarin saurayin da aka tsinci gawarsa a kango, a kira shi "junkie", wato wanda ƙwaya ta gama da shi. In ka buɗa shafin siyasa kuma sai ka tarar da wani babban ɗan jarida yana kiran kansa "political junkie" cikin tinƙaho, yana nufin ba ya iya kwana bai ji labarin siyasa ba. Kalmar ɗaya ce, amma a can zagi ce, a nan kuwa kirari. Haka abin yake ga "addict" da "fiend" da "maniac" da wasunsu da dama: sunan da ake kiran wanda jaraba ta kama shi ne ake kiran mai tsananin sha'awar ƙwallo ko karatu ko kallon fim.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan kalmomi ne, ta nuna gidajen da suka fito da hanyoyin da suka biyo. Gidajen kuwa huɗu ne: kotu, da ɗakin ibada, da asibiti, da lungun 'yan shaye-shaye. Amfanin sanin wannan ga marubuci, musamman mai fassara ko mai karanta Turanci don ya ƙaru, shi ne ya san nauyin abin da yake ɗauka kafin ya aza wa wani.

Wanda Alƙali Ya Miƙa

Bari mu fara da uwar tafiyar, wato "addict". Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, daga aikatau "addicere". Tushensa "dicere" na nufin faɗa ko furtawa, saboda haka "addicere" shi ne a furta cewa abu kaza ya zama na wane. Kalmar kotu ce. A cikin dokokin Rum na farko da aka rubuta wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda ake kira Alluna Goma Sha Biyu, in an tabbatar wa mutum da bashi akan ba shi kwana 30 ya biya. In ya kasa sai alƙali ya miƙa shi ga mai bin sa, ya tafi da shi gida ya ɗaure da sarƙa har kwana 60. A cikin kwanakin nan za a fito da shi bainar jama'a a ranakun kasuwa uku, a yi shelar abin da ake bin sa ko da wani zai fanshe shi. In ba a samu ba, ana iya sayar da shi bawa a ƙetaren kogin Tiber. Irin wannan mutum shi ake kira "addictus", wanda aka furta hukunci a kansa aka damƙa shi a hannun wani.

Da kalmar ta shigo Turanci a ƙarni na 16, sai ta bar kotu a baya. Ma'anarta ta zama mutum ya sallama kansa ga wani abu bisa son ransa, mai kyau ne ko marar kyau. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 an yi amfani da "addicted" wajen yabon mutanen wani gida da suka duƙufa ga yi wa masu bi hidima. Shakespeare ma ya yi amfani da "addiction" a wasanninsa da ma'anar inda zuciyar mutum ta karkata. Shekaru wajen 300 Bature na iya zama "addicted" ga addu'a ko farauta ko karatu ko giya, ba tare da kowa ya ji warin cuta a jikin kalmar ba. Ko Thomas De Quincey, wanda ya wallafa labarin yadda ofiyom ya mallake shi a 1821, "opium-eater" ya kira kansa, wato maci ofiyom.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ci gaban haɗa magunguna. Wajen 1805 wani Bajamushe mai suna Friedrich Sertürner ya tace mofin daga ofiyom. A 1853 likita Alexander Wood na birnin Edinbara ya fito da sirinjin yin allura ƙarƙashin fata. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 aka yi ta ba sojojin da suka ji rauni ofiyom da mofin, sa'an nan a 1898 kamfanin Bayer ya fara sayar da hirowin a matsayin maganin tari. Likitoci suka fara ganin mutanen da in aka hana su maganin sai jikinsu ya ɗauki rawa, su yi ta zufa da amai. A daidai wannan lokaci, daf da shigowar ƙarni na 20, "addict" ta zama suna.

Ya kamata masu nazarin nahawu su dakata a nan. A da sifa ce mai neman cikawa: wane ya zama "addicted" ga abu kaza, dole a faɗi abin. Da ta zama suna sai aka daina buƙatar cikawar. "An addict" kawai za a ce, mutumin gaba ɗayansa ya koma cutar da ke damun sa. Ashe kalmar ta koma gidanta na asali ke nan, ta sake zama hukuncin da ake furtawa a kan mutum.

Daga Ɗakin Ibada

Kalmomin gida na biyu sun bi hanyar da ta saɓa wa waccan. Da muni suka fara, suka ƙare da kyau. Yau in aka ce wane "enthusiast" ne, yabo ne: mai himma da ɗoki. Amma tushen kalmar a harshen Girkanci, "entheos", na nufin wanda abin bauta ya shiga jikinsa, kusan abin da mu za mu kira wanda iska ya hau. Ingila ta sha yaƙin basasa daga 1642, aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, ƙungiyoyin addini masu da'awar samun saƙo kai tsaye daga sama suka yi yawa. Da aka maido da sarauta a 1660, manyan ƙasa suka ɗauki "enthusiasm" a matsayin annobar da ta jawo fitinar. Masanin falsafa John Locke ya ƙara babi guda a kanta a bugu na huɗu na babban littafinsa a 1700, yana gargaɗi a kai. A ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, ma'anar farko da aka ba ta ita ce ruɗin da mutum ke yi cewa ana yi masa wahayi. Da ita aka riƙa yi wa John Wesley da mabiyansa gori. Sai a ƙarni na 19, da wutar rikicin addini ta lafa, kalmar ta huce ta zama abin so.

Ƙanwarta "fanatic" daga Latin "fanum" ta fito, wato ɗakin bauta. Ita ma bayan 1660 an liƙa ta ga waɗanda suka ƙi bin cocin gwamnati, kuma har yau ba ta rabu da ɗacinta ba. Amma ta haifi 'ya mai farin jini. A shekarun 1880, jaridun wasanni na Amurka suka fara kiran masu cika filin wasan besbol "fans". Akasarin masana harshe suna ganin gutsure "fanatic" aka yi, wasu kuma suna haɗa ta da "the fancy", sunan da ake kiran masu bin dambe da shi a Ingila a farkon ƙarni na 19. Daga ita aka sami "fandom", jama'ar masoya abu guda, da "fanzine", 'yar mujallar da masoya ke bugawa da kansu, wadda wani mai son ƙagaggun labaran kimiyya, Louis Russell Chauvenet, ya raɗa wa suna a 1940.

Da "fan" ta tsufa ta yi sanyi, har kowa ma "fan" ne na wani abu, sai aka nemi mai zafi. A 2000 mawaƙi Eminem ya fitar da waƙa mai suna "Stan", labarin wani masoyinsa na ƙirƙira da ke ta aiko masa da wasiƙu ba amsa, har ya hallaka kansa da budurwarsa mai ciki. Waƙar gargaɗi ce, amma matasa suka ɗauki sunan suna kiran kansu da shi cikin alfahari. A 2019 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da "stan" a matsayin suna da aikatau.

Daga Asibiti

"Mania" a Girkanci hauka ce tuburan, kuma likitocin ƙarni na 19 sun yi ta ƙera sunayen cututtuka da ita: "monomania" ga wanda tunaninsa ya kafe a kan abu guda, "kleptomania" ga mai ɗan hali ba don buƙata ba, "dipsomania" ga mai ƙishin giya. Tun likitoci ba su gama ba marubuta suka ara suna raha da ita.

Misalin da ya fi shafar mu shi ne na littattafai. A 1809 wani limamin coci, Thomas Frognall Dibdin, ya wallafa littafi mai suna "Bibliomania", inda ya kwaikwayi salon likitoci yana bayyana alamomin haukar tara littattafai da hanyar maganinta. Wasa yake yi, domin shi kansa yana cikin majinyatan. Shekara uku bayan haka aka ga cutar ido da ido. A gwanjon ɗakin karatun Duke na Roxburghe a Landan a 1812, manyan masu sarauta biyu, Earl Spencer da Marquess na Blandford, suka yi ta tayi a kan kwafi ɗaya na littafin Boccaccio da aka buga a Benis a 1471, har Blandford ya saye shi fam 2,260, kuɗin da ba a taɓa jin an sayi littafi da shi ba. A 1819 bashi ya ci Blandford, aka yi gwanjon littattafansa, wannan kwafi ya koma hannun Spencer a kan kuɗin da bai kai rabin na farko ba. Da a Rum ta da ne, da "addictus" na gaske za a kira shi.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mawaƙin Jamus Heinrich Heine ya kira rububin da ake yi wa makaɗin fiyano Franz Liszt "Lisztomania" a 1844. Turawan Ingila suka kira haukar zuba jari a layin dogo ta shekarun 1840 "Railway Mania", jaridunsu kuma suka fito da "Beatlemania" a 1963 saboda ihun 'yan mata a kan mawaƙan Beatles.

Wadda ta fi ban mamaki a wannan gida ita ce "alcoholic". Tushenta Larabci ne, "al-kuhl", wato tozali. Masu haɗa magunguna na Turai sun ari kalmar suna kiran duk wani gari mai laushi da ita, sannan ta koma sunan duk wani tataccen abu, daga ƙarshe ta tsaya a kan ruhin da ake tacewa daga giya. A 1849 likitan ƙasar Suwidin, Magnus Huss, ya ƙirƙiro "alcoholism" a matsayin sunan cuta. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa a garin Akron na jihar Ohio a 1935, ita ta yaɗa "alcoholic" a bakin jama'a, domin a taronta mashayi kan miƙe ya kira kansa da sunan a matsayin matakin farko na neman waraka.

To, ginin kalmar shi ne "alcohol" da ɗafa-ƙeya "-ic". Amma kunnen mutanen gari bai yanka ta a nan ba. Sai ya yanko "-holic", ya mai da ita sabuwar ɗafa-ƙeya mai ma'anar jarababbe, ko da yake rabinta gutsuren tozalin Larabawa ne. Wayne Oates, malamin coci kuma masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ya yayata "workaholic" da littafinsa na 1971. Da gaske yake: yana ganin jarabar aiki na rusa gida kamar yadda giya ke yi. Ba a daɗe ba kalmar ta zama abin da ma'aikaci ke yabon kansa da shi a gaban mai gidansa, "chocoholic" da "shopaholic" kuwa suka zama abin rubutawa a jikin riga.

Daga Lungu

Kalmomin gida na huɗu su suka fi dafi. "Fiend" a tsohon Turanci "feond" ce, maƙiyi, kishiyar "freond" wadda ta zama "friend". Da Kiristanci ya kafu sai ta zama sunan Shaiɗan, babban maƙiyi. A ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Amurka suka fara rubuta "opium fiend" da "dope fiend". Ita "dope" daga harshen mutanen Holan take, "doop", wani romo mai kauri, aka kira dafaffen ofiyom da ita saboda danƙonsa. Lokacin ya zo daidai da ƙyamar leburori Sinawa: birnin San Francisco ya haramta ɗakunan shan ofiyom a 1875, majalisar ƙasa ta hana leburorin Sin shigowa a 1882. Matar attajiri da likita ya saba mata da mofin majinyaciya ce, amma wanda ke zuƙa a ɗakin Basine shaiɗani ne. Duk da haka, ba a jima ba aka fara jin "camera fiend" da "fresh-air fiend", mayen ɗaukar hoto da mayen shan iska.

Masanin tarihi David Courtwright ya nuna a littafinsa na 1982 yadda fuskar mai jarabar ƙwaya ta sauya a Amurka. A ƙarni na 19 galibi mace ce mai rufin asiri da ta samo abin daga hannun likita. Bayan dokar Harrison ta 1914 da hukuncin Kotun Ƙoli na 1919 da ya hana likitoci ci gaba da ba mai jaraba magani don kawai ya lallaɓa rayuwarsa, sai ya zama saurayin talaka na birni mai saye a ɓoye. Shi aka raɗa wa "junkie" a shekarun 1920. "Junk" tarkace ne, asalinta ma tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa, kuma ana danganta sunan da yadda waɗannan samari na Niyok ke tsintar tsofaffin ƙarafa su sayar su sayi hirowin, kamar 'yan jari-bola. William Burroughs ya sa wa littafinsa na 1953 wannan suna, kuma da sunan aro, William Lee, aka buga shi. Shekaru 20 bayan haka ga "news junkie" a bakin masu taye.

Haka ɗafa-ƙeya "-head" ta yi. Ta fara da "hophead", ta biyo ta "pothead" da "acidhead" da "crackhead", kowace da ƙwayar zamaninta, ta ɓulla a "petrolhead", mayen motoci, da "sneakerhead", mai tara takalma.

Akwai 'yan kaɗan da ba su taɓa shiga lungu ba. "Buff", kamar a "film buff", ta samo asali ne daga masu rugawa kallon gobara a Niyok a farkon ƙarni na 20, saboda irin rigunan da 'yan kwana-kwana na sa-kai ke sawa. "Anorak" kuwa rigar sanyi ce ta mutanen Girinlan. A 1942 wani matashin akawun jirgin ƙasa, Ian Allan, ya buga ɗan littafin lambobin kawunan jiragen Ingila, yara da manya suka riƙa tsayuwa a tasha cikin sanyi suna duba lambar da ta wuce. Rigar da suke sawa ta zama sunan duk wanda ya nutse cikin abin da bai dami kowa ba. Amma ko su ba su tsira ba: da Irvine Welsh ya rubuta labarin samarin Edinbara masu allurar hirowin a 1993, sunan wannan sha'awa ta kallon jirgi, "Trainspotting", ya sa wa littafin.

Wanda Aka Bari a Baya

Me ya sa harshe ke yin haka? Dalilin farko kambamawa ce. Mai son abu yana neman kalmar da za ta kai girman son da yake ji, kuma kalma na lalacewa da yawan amfani kamar kaifin wuƙa, sai a nemo wadda ta fi ta. Babu kuwa inda ake samun kalma mai zafi kamar wurin hauka da bauta da shaiɗanci. Dalili na biyu kasuwa ce: mai tallan wasan kwamfuta yakan kira hajarsa "addictive" don ya yabe ta, kuma "binge", wadda a da kwankwaɗar giya ce ba ƙaƙƙautawa, ta shiga "binge-watch", kalmar da ƙamus ɗin Collins ya zaɓa ta shekarar 2015.

Amma fa kalmar ce ta tafi filin wasa, majinyacin yana nan inda aka bar shi. Mai kiran kansa "junkie" don yana son labarai ba ya asarar kome, wanda ake kira da ita a ƙofar asibiti kuwa yana iya asarar magani. A 2010 John Kelly da Cassandra Westerhoff suka wallafa wani gwaji da suka yi da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500. An ba su labarin majinyaci iri ɗaya, sai dai a wani an kira shi "substance abuser", a wani kuma an ce yana fama da cutar shan ƙwaya. Waɗanda suka karanta na farko sun fi karkata ga cewa laifinsa ne, a hukunta shi. Tun a 1964 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a musanya "addiction" da "dependence". A 2017 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya shawarci 'yan jarida su guji "addict" a matsayin suna, su ce mutum mai fama da jaraba. Wato a mai da kalmar sifa kamar yadda take a da, mutum ya zo gaba, cuta ta biyo baya. A ƙasar da mutum sama da 100,000 suka mutu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima a 2021 kaɗai, wannan ya wuce gardamar 'yan nahawu.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗabi'a ta Turanci ce kaɗai. Mu ma mukan ce wane mayen ƙwallo ne, wance mayyar karatu ce, a yi dariya a wuce, alhali in aka nuna tsohuwa a ƙauye aka ce mayya ce da gaske, rayuwarta na cikin haɗari. Mai fassara da ya san wannan ya riga ya sami abokiyar "fiend" a Hausa, zai kuma gane cewa "news junkie" mayen labarai ne, fassara shi da ɗan ƙwaya ɓarna ce. Mai ƙaga labari kuma, in ya zo kan yaron da kodin ko wiwi ya kama, sai ya tuna cewa akwai bambanci tsakanin ɗan wasa a cikin labari ya kira shi ɗan ƙwaya, wanda haka mutane ke magana, da marubucin da kansa ya kira shi haka tun daga shafin farko har na ƙarshe ba tare da ya ba shi suna da uwa da buri ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, Rumawa kuma sun ga sarƙa a ƙafar mai bashi. Dukkansu ɗaure suka gani. Sai dai a kotun Rum akwai wanda ya furta kalmar kafin a ɗaura sarƙar, kuma a kan takarda marubuci ne ke zaune a kujerar wannan alƙali. Magana zarar bunu ce. Allah ya sa alƙalumanmu su yi adalci.